Lafiyar Fata: Daga Tukunyar Miya Zuwa Kwalbar Mai

Fata ita ce gaɓa mafi faɗi a jikin ɗan'adam. Da za a shimfiɗa ta babban mutum, za ta kusa murabba'in mita 2. Ita ke tare ƙwayoyin cuta kada su kutsa cikin jiki, ita ke hana ruwan jiki ƙafewa, da ita ake jin zafi da sanyi da taɓi, kuma ta hanyar gumin da take fitarwa ne jiki ke hucewa a tsakiyar bazara. Idan hasken rana ya sauka a kanta, a cikinta ake fara ƙera bitamin D, wanda ƙashi ke buƙata domin ya yi ƙwari.

Hawa uku gare ta. Na sama siriri ne ƙwarai, kuma kullum cikin sabuntawa yake: ana haifar ƙwayoyin halitta a ƙasansa, su riƙa haurowa suna bushewa, har su iso sarari su zube ba tare da mai jikin ya lura ba. Wannan zagaye yakan ɗauki kimanin mako huɗu ga matashi, ya ɗara haka ga mai shekaru. Busassun ƙwayoyin da ke can sama a jere suke kamar tubalin katanga, maiƙo kuwa shi ne ƙasar da magini ya cusa a tsakaninsu. Muddin maiƙon nan na nan, ruwa ba ya fita, datti ba ya shiga. Da zarar an wanke shi fiye da kima, sai fata ta bushe, ta yi fari, ƙaiƙayi ya biyo baya. A ƙasan wannan hawa ne kuma ake samar da melanin, sinadarin da ke ba fata launi. Baƙin mutum da Bature kusan yawan ƙwayoyin da ke ƙera shi ɗaya ne a jikinsu. Bambancin yana ga yawan abin da ƙwayoyin ke fitarwa. Melanin kariya ce daga ƙunar rana, shi ya sa sankarar fata ta fi yawa nesa ba kusa ba a tsakanin fararen fata.

Hawa na biyu shi ne mai kauri. A nan hanyoyin jini suke, da tushen gashi, da wuraren da gumi da maiƙo ke fitowa, da wani zare mai suna kolajin wanda ke sa fata ta tsaya dam ba ta saki ba. Na uku kitse ne, matashin da ke tare sanyi da bugu.

Daga wannan tsari ana iya gane abin da masu tallar mai ba su cika son faɗa ba. Hawan sama ba shi da hanyar jini ko ɗaya. Daga jinin da ke gudana a ƙarƙashinsa yake samun abin gininsa, jinin kuma daga abin da aka ci yake ɗaukowa. Man shafawa, komai tsadarsa, yawanci a sama yake tsayawa, aikinsa ya riƙe danshi. Ginin fata kuwa aikin ciki ne.

Abin da fata ke nema a kwano

Na farko shi ne furotin, wato abinci mai gina jiki, domin da shi ake yin fata da gashi da farce. Ba sai nama kullum ba. Wake, gyaɗa, waken suya da ake yin awara da shi, nono da kindirmo, ƙwai, busasshen kifi, har da fara da ake soyawa, duk suna bayar da shi. Idan aka haɗa hatsi da wake ko gyaɗa, kamar a shinkafa da wake ko kunun gyaɗa, ɗaya yakan cike giɓin ɗaya. Inda furotin ya yi ƙaranci sosai, a jikin yara ake fara gani. A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams, tana aiki a ƙasar da yau ake kira Ghana, ta bayyana ciwon kwashiyoko a jikin yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi yana tsigewa, fata ta yi duhu tana saɓulewa. Har yau ana ganin irin waɗannan yara a cibiyoyin kula da masu tamowa, kuma babu man da ke gyara fatarsu sai abinci.

Bitamin A shi ke sa hawan sama ya sabunta yadda ya kamata. Rashinsa yana busar da fata da ido, yana kawo dundumi, yana kuma raunana garkuwar jikin yaro. Yana nan jibge a hanta, da gwaiduwar ƙwai, da man shanu. Manja wanda ba a ƙona shi har ya yi fari ba, da ganyaye masu duhun kore irin su zogale, alayyahu, rama da kuka, da kayan lambu masu launin ruwan lemo irin su karas, kabewa, mangwaro, gwanda da dankalin Hausa mai jan ciki, suna ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Sai dai hanji ba ya tsotsarsa da kyau sai da ɗan maiƙo. A nan ne kwaɗon zogale ya cancanci yabo. An dafa ganyen, an zuba dakakken ƙuliƙuli, an yanka tumatir da albasa ɗanye, an ɗiga man gyaɗa: ga ganye, ga furotin, ga maiƙon da zai kai bitamin cikin jini, ga bitamin C daga tumatir, duk a kwano ɗaya da kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Abin takaici ne yadda wasu ke kallonsa abincin marasa hali.

Bitamin C kuwa da shi ake saƙa kolajin. Wanda ya rasa shi, dasashinsa kan yi jini, rauninsa ya daɗe bai warke ba. Gwaiba ta fi lemon zaƙi yawansa, farin garin da ke cikin 'ya'yan kuka ma yana da shi sosai, haka tattasai da tumatir. Matsalarsa ba ya jure wuta, kuma yana narkewa cikin ruwa. Ganyen da aka tafasa ya daɗe, aka matse, aka zubar da ruwan, ya yi asarar kaso mai yawa. Kanwar da ake jefawa domin ganye ko wake ya yi saurin nuna tana ƙara lalata shi tare da wasu daga cikin bitamin B. Gyaran ba mai wahala ba ne: a wanke ganye kafin a yanka, a sa shi a ƙarshen girki, a rage ruwa, a rage kanwa. Kukar da aka shanya a inuwa ta fi wadda rana ta dafa riƙe amfaninta, kuma launinta ma yakan nuna.

Akwai wani ciwo da ya fi kowanne nuna alaƙar tuwo da fata, sunansa felagira. Rashin niyasin, wato bitamin B3, ke kawo shi, kuma yakan kama mutanen da masara ta zame musu ci da sha. Masara tana da niyasin, amma a ɗaure yake, hanji ba ya iya kwance shi. Fata takan yi baƙi ta yi kaushi tana ɓarewa daidai wuraren da rana ke duka, wato bayan hannu, wuya da fuska, sai gudawa, sai ruɗewar tunani. Ciwon ya kashe dubban mutane a kudancin ƙasar Amurka a farkon ƙarni na 20, ana ɗaukarsa annoba mai yaɗuwa, har likita Joseph Goldberger, wanda ya fara bincike a 1914, ya nuna cewa abinci ne sanadi. Tun da masara ta ci gaba da karɓe gurbin gero da dawa a gidaje da yawa, darasin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Gyaɗa tana cikin abinci mafi yawan niyasin, saboda haka tuwon masara da miyar gyaɗa ko ta wake ya fi ƙarfin wannan ciwo.

Ƙarancin jini, wanda galibi rashin sinadarin ƙarfe ke kawowa, yana sa tafin hannu da cikin ido su yi fari, gashi ya zube, farce ya riƙa karyewa. Mata masu ciki da 'yan mata sun fi kowa fama da shi. Shayi mai kauri a kan abinci yana hana jiki tsotsar ƙarfen da ke cikin wake da ganye, lemo ko tumatir kuwa suna taimakawa, don haka gara a jinkirta shayin da awa guda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa: babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganye da kayan marmari a rana, gishiri kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya har da wanda ke cikin dunƙulen miya, sukarin da ake ƙarawa kuma kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, kusan ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya tana iya cinye fiye da rabin wannan kaso, kafin a zo ga shayin safe da zoɓon da aka cika wa sukari. Bincike ya nuna cewa abincin da ke saurin ɗaga sukarin jini yana iya tsananta ƙurajen fuska, alhali zargin da ake ɗora wa gyaɗa ba shi da hujja mai ƙarfi. Ciwon sukari ma yakan fara sallama ta fata: maruru mai yawan dawowa, rauni mai ƙin warkewa, ko wani baƙi mai kauri a bayan wuya da hammata. Da yawa sukan ɗauka dauɗa ce su yi ta dirza da soso, alhali gwajin jini ya kamata a yi.

Ruwa kuwa a sha gwargwadon da fitsari zai fito garau. Shan fiye da haka ba ya ƙara wa fata laushi.

Hunturu, bazara da damina

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busowa daga Sahara ɗauke da ƙura, babu danshi a cikinta, sai ta riƙa zuƙe na fata. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, dunduniya ta yi faso, wani har jini. Abin da mutane suka saba yi domin maganin sanyi shi ke ƙara ɓarnar: ruwa mai tsananin zafi, sabulu mai yawan soda, da dirza da soson raga har jiki ya yi ƙara. Ukun nan duk wanke maiƙo suke yi. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, wankan kada ya yi tsawo, sabulun ya fi yawa a hammata da matsematsi da ƙafa. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa cikin ruwan wanka kullum ba shi da amfani ga lafiyayyar fata, yakan ma jawo ƙaiƙayi.

Lokacin shafa mai ya fi irin man muhimmanci. A shafa da an fito daga wanka, jiki da sauran laima, domin mai ba ya kawo ruwa, wanda ya tarar yake tsarewa. Basilin na cikin mafi iya wannan aiki, ga araha. Man kaɗanya ma haka. Itacen yana tsirowa a yankin da ya miƙe daga Senegal har Sudan ta Kudu, Nijeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan 'ya'yansa, kuma kamfanonin Turai suna sayensa su zuba cikin mayukan da ake dawowa da su da tsada. Wanda warinsa ya dama yana iya narka shi a wuta kaɗan ya tace. Sai dai mai yawan ƙurajen fuska ya nisanta fuskarsa daga mai mai nauyi, musamman man kwakwa, domin yana toshe ƙofofin gashi.

Faso yana son haƙuri. A jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi na minti goma zuwa sha biyar, a goge kaushin da dutse a hankali, a tsane, a cika tsagar da basilin, a sa safa a kwanta. Mako ɗaya zuwa biyu ana haka yakan rufe. Yanke kaushi da reza ganganci ne, ga mai ciwon sukari kuwa yana iya zama mafarin gyambon da zai ci ƙafa. Lasar leɓe ma ƙara busar da shi take yi.

Da bazara matsalar takan juye. Gumi ya toshe a ƙarƙashin fata, ƙurajen zafi su feso, musamman ga jariran da ake naɗewa cikin kaya masu kauri da hula da safa ana tsakiyar Afrilu. Maganinsu iska, tufafin auduga da wanka da ruwa mai sanyi-sanyi. Da damina kuma danshi ke renon kyasbi da makero da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa. Makeron kai na yara ba ya jin man shafawa kaɗai, sai an haɗa da maganin sha na makonni, kuma yana bin kan injin aski da mataji da hula. Ƙazwa kuwa wata 'yar mitsitsiyar halitta da ke haƙa rami a fata ce ke kawo ta, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, tana yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe, kamar makarantun kwana da na allo. Idan aka yi wa mutum ɗaya magani aka bar sauran 'yan ɗaki, dawowa za ta yi. Kowa ake yi wa a rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa a shanya a rana.

Bilicin

Babu abin da ke lalata fata a yau kamar man canja launi. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da shi. Adadin ya samo asali ne daga bincike a tsakanin 'yan kasuwar Legas, don haka ba ma'aunin ƙasa baki ɗaya ba ne, amma duk mai shiga gidan biki ya san abin ya yi yawa, kuma maza ma sun shiga. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Nijeriya, NAFDAC, ta bayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana ta hana masu haidirokwinon a 2016.

Sinadarai uku ne suka fi yawa a ciki. Haidirokwinon yana dakatar da ƙera melanin. Likitoci suna ba da shi na 'yan watanni domin tabo, amma idan aka shekara ana shafawa sai ya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi wanda da wuya ya goge. Zaiba tana ratsa fata ta shiga jini, ta taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, ta isa ga ɗan tayi a ciki da jariri ta ruwan nono. Na uku shi ne sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, maganin kumburin fata ne da aka mayar kayan kwalliya. Shi ke sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, ya kawo nankarwa mai faɗi a cinya da damtse, ya buɗe ƙofa ga makero da ƙuraje. Idan ya daɗe yana shiga jini yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Likitocin tiyata sun san irin wannan fata: ba ta riƙe ɗinki da kyau, rauninta kuma yana jinkirin haɗewa.

Alamun ba sa ɓoyuwa. Fuska ta yi jajir, gaɓoɓin yatsu da gwiwa da idon sawu su tsaya baƙi ƙirin, rana kaɗan ta sa fuskar raɗaɗi. Mafi haɗari shi ne haɗin da ake yi a shago ko a gida, a matse bututu uku ko huɗu cikin roba ɗaya marar suna, a ce na gargajiya ne zalla. Man da ya sauya launin mutum cikin mako biyu galibi akwai ɗayan sinadaran nan a cikinsa, komai aka rubuta a jikin robar. Shafa wa yara shi kuwa zalunci ne, domin fatarsu ta fi siranta, abin ya fi saurin shiga jininsu, kuma ba su suka zaɓa ba. Laifin ba na mai shafawa kaɗai ba ne. Yana kan masu neman aure da masu barkwancin da suka mayar da hasken fata ma'aunin kyau. Wadda ta daɗe tana amfani da mai sitiroyid kada ta yanke rana ɗaya, domin fata takan yi bore da ƙuna da ƙuraje. A hannun likitan fata ake ragewa sannu a hankali.

Gyaran jiki na amare, irin su dilka da aka aro daga Sudan da halawar cire gashi, ba shi da aibu idan an tsaya ga kayansa na asali, ba a cusa man bilicin a ciki ba, ba a kuma dirje fata har ta ɗaye ba. Jan lalle na ganye ma lafiya lau ne ga yawancin mutane. Baƙin da ake zane da shi ne abin tsoro, domin yawanci rinin gashi ake haɗawa. Yana iya tayar da ƙuraje masu ruwa daidai bisa zanen, ya bar tabo, kuma a Sudan likitoci sun sha ganin waɗanda ya lalata wa ƙoda. Kwallin dutse kuwa sau da yawa akwai dalma a cikinsa, bai kamata ya kusanci idon jariri ba.

Melanin yana karewa, amma ba duka ba. Rana tana ƙara duhun tabon da ƙurji ya bari, shi ya sa matse ƙuraje da yawo a rana ba kariya ke sa tabo ya yi watanni. Malafa, inuwa da riga mai dogon hannu sun ishi yawancin mutane. Zabiya kuwa, wanda jikinsa ba ya ƙera melanin sosai, kariya daga rana wajibi ce a gare shi tun yana jariri: hula mai faɗi, sutura mai rufe jiki, man kariya mai lamba 30 ko sama, da kai duk wani ƙurji da ya ƙi warkewa asibiti da wuri, domin sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiya a Afirka.

Akwai alamun da ba na kwalliya ba ne, na asibiti ne. Gyambon da ya wuce wata bai rufe ba, baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma yana sauya kama, ido da tafin hannu su koma rawaya, ƙaiƙayin dukan jiki ba tare da ƙurji ba, ko ƙuraje masu ɗaye fata da baki bayan shan wani magani. Haka kuma fili mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi ko tsinin allura yana iya zama farkon kuturta. Ana warkar da ita da haɗin magunguna na wata 6 zuwa 12, waɗanda ake bayarwa kyauta a duniya tun 1995, kuma wanda ya fara sha da wuri ba ya rasa yatsa.